Yadda na canja wa tsohuwar amfilifaya taransfomar da ta ƙone

Amfilifayar, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, ta ƙarshen shekarun 1970 ce, ƙirar Japan, irin mai fuskar alminiyam da allurai biyu da ke rawa in sauti ya tashi. Wat 40 take bai wa kowace lasifika. Ta kawuna ce, kuma labarin da ya ba ni gajere ne. Ta daɗe tana ɗan ƙugi a lasifika, ƙugin yana ƙaruwa a hankali, daga baya ta riƙa cin fis. Wani mai gyara ya duba ta, ta dawo tana aiki, ba a jima ba ana cikin jin faifai ta yi wari ta ɗauke.

"Kawu, da ta fara warin, an kashe ta nan take?"

"Ina fa! Sai da hayaƙi ya fito muka gane daga ita ne."

Ina buɗe murfin warin ya tare ni. Warin ƙonannen banish, wato shafen da ke rufe wayar da aka naɗa cikin taransfoma, daban yake da na roba ko na rizista, kauri ne mai ɗaci da ke kama kaya ya ƙi fita, kuma wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. A gindin taransfomar akwai wani baƙin abu da ya narke ya gangaro kan shasi, ƙarfen da aka ɗaure kayan a kansa, ya daskare. Da na zaro fis ɗin sai na ga gyaran da aka yi mata: gilashin ya yi baƙi tun tuni, an naɗe shi da silin wayar tagulla daga kai zuwa kai. Wato an cire mata mai tsaron ƙofa ke nan.

Kafin in taɓa komai sai da na zare filogi daga soket, na sa mita a kan manyan kwandansoji biyun. Waɗannan kan riƙe caji bayan an kashe wuta, a wasu na'urorin har na tsawon sa'o'i. Na sauke su da rizista mai om 1,000 mai ɗaukar wat 5, na riƙe ta a kansu har mita ta nuna sifili. Masu haɗa ƙafafun da sukundireba su ji tas suna cin bakin sukundireban da na kwandansar ne kawai. Bayan haka na ɗauki hoton kowace waya da inda ta shiga, ta kowace kusurwa, na kuma manna wa kowacce takarda da lamba.

Wari da narkakken banish shaida ce mai ƙarfi, amma na so in tabbatar. Mita ta nuna kusan om 7 a naɗin shiga, wanda ke karɓar wutar gida. Wannan lambar ba ta gaya maka komai. Naɗin yana da ɗaruruwan zagaye, in biyar ko goma sun manne da juna, abin da zai ragu a om bai kai mita ta gane ba, alhali waɗannan 'yan zagayen sun isa su mayar da taransfoma murhu. Mita tana amfani ne in naɗin ya tsinke gaba ɗaya. A irin wannan halin sau da yawa ba wayar ce ta ƙone ba, wani ɗan fis ne na zafi da ake binnewa cikin naɗin, wanda kan narke a wajen digiri 115 zuwa 130. Wannan mutuwa ce mai sauƙi. Tawa ba ita ba ce.

Gwajin da ya raba gardama shi ne na ƙwan fitila. Ana samun ƙwai irin na dā mai sili a ciki, wat 60 ko 100, a jera shi a kan wayar wuta ta yadda duk abin da na'urar za ta ja sai ya ratsa ta cikinsa. Na zamani marasa sili ba sa yin wannan aikin. In na'urar lafiya take, ƙwan zai yi ja-ja ko ya mutu. In akwai shot, wato wayoyi sun haɗe inda bai kamata ba, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, ba abin da zai fashe. Na cire dukkan wayoyin fita na taransfomar daga fanel, wato allon da ƙananan kayan ke kai, na rufe bakunansu, ya zama ba ta ɗauke da kayan kowa. Taransfoma mai lafiya a wannan halin kusan ba ta jan komai. Ina kunnawa ƙwan ya haska fes kamar an sa shi kai tsaye a soket. Magana ta ƙare.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Taransfoma ƙarfe ce da waya, ba abin da ke motsi a cikinta, kuma da wuya ta mutu don kanta. Wani abu ne ya ja ta fiye da ƙarfinta har banish ɗin da ke raba zagaye da zagaye ya dafe. In ba a gano shi ba, sabuwar ma hanyar za ta bi. Don haka na bi layin wutar daga inda wayoyin fita suke sauka. Dayod huɗu ne ke mayar da AC, wutar da ke kai da komo, zuwa DC, mai bin gefe ɗaya, na ɗaga ƙafa ɗaya ta kowanne na gwada. Uku suna barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, yadda ya kamata. Na huɗun ƙara yake ta kowane gefe, ya zama waya. Dayod ɗaya in ya yi haka, a rabin kowane juyin wuta naɗin fita yana haɗe da kansa ne ta cikin ɗan'uwansa, sau 50 a daƙiƙa.

Shi ma dayod ɗin akwai wanda ya kashe shi. Ɗaya daga cikin manyan kwandansojin, masu maikurofarad 6,800 da bolt 50, ta kumbura ta ƙasa, ruwanta ya tsiyayo ya bushe ya yi fari-fari a kan fanel. Daga nan labarin Kawu ya jeru mini daidai: kwandansa ta tsufa ta fara yoyon wuta, shi ne ƙugin, jan ya yi yawa fis ya riƙa ƙonewa, yana aikinsa ke nan, aka ɗaure fis da waya, dayod ya gaji ya haɗe, taransfoma ta biya bashin kowa. Na gwada manyan taransistocin da ke kan ƙarfen sanyaya ɗaya bayan ɗaya, na same su lafiya. Da sun tafi, da sai na sake lissafin ko aikin ya cancanci a yi.

Abin da ya fi cin lokaci a duk aikin shi ne sanin irin wutar da mamaciyar take bayarwa lokacin tana da rai. A jikinta lambar kamfani ce kawai, ba bolt ba amfiya. Wanda ya samu littafin gyaran na'urarsa ya huta, domin zanen yakan nuna bolt nawa ne a kowane layi. Ni ban same shi ba. Akwai dabarar da ake yi in fis ɗin zafi ne kawai ya tsinke: a ba ɗaya daga naɗe-naɗen ƙaramar wutar AC daga wata taransfomar, a auna sauran, a fitar da rabon da ke tsakaninsu. Amma da zagaye a haɗe lambobin ƙarya za su fito. Sai na koma tambayar sauran kayan da ke cikin akwatin, tunda kowannensu an zaɓe shi ne daidai da ita.

Wayoyi uku masu kauri ne ke zuwa wurin dayod, biyu launi ɗaya, ta ukun baƙa kuma ta tafi tsakanin kwandansojin biyu. Wannan naɗi ne mai wayar tsakiya, mai ba da layi biyu, ɗaya sama da sifili ɗaya ƙasa da shi. Kwandansa mai bolt 50 tana nufin layin bai kai 50 ba, kuma masu ƙira kan bar rata, don haka na sa ran tsakanin 35 da 42. Ta ɗaya gefen kuma, wat 40 a lasifika mai om 8 yana buƙatar kusan bolt 18 na AC, wanda ƙololuwarsa ta ɗan haura 25. A ƙara bolt uku ko huɗu da taransistoci ke ci, a ƙara saukar da layi ke yi in an buɗe murya, sai a ga layin da ke zaune a 35 ko 36 ya wadatar. Rile ɗin da ke kare lasifika, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, shi ma ya ba da tasa shaidar. Na bolt 24 ne, an ja masa wuta daga layin sama ta wata rizista, da na lissafa abin da rizistar ke ragewa sai na faɗo a wajen 37.

Daga DC zuwa AC lissafin ɗaya ne: bolt ɗin naɗi sau 1.414, a cire kusan bolt ɗaya na dayod. Taransfoma mai 25 da 25 za ta ba da 34 da 'yan kai a cikakken kaya. Amma lambar da ake rubutawa a jikin taransfoma ta lokacin da take ɗauke da kayanta ce. In tana hutawa takan ɗara da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato layin zai zauna a wajen 36 ko 37. Mai 30 da 30 ta ja hankalina, don za ta ƙara ƙarfi. Da na bi ta da alƙalami sai na ga tana hutawa za ta kai 45, in kuma wutar gida ta hau da kashi 10, abin da ke faruwa, sai ta taɓa 49 da wani abu a kan kwandansa mai 50. Taransistocin da suka haura shekara arba'in su ma za su ƙara ɗaukar zafi. Bambancin wat 40 da wat 55 kuwa bai kai desibel ɗaya da rabi ba, da ƙyar kunne zai kama shi. A tsohuwar na'ura, in lamba biyu suka sa ni a tsakiya, ta ƙasa nake ɗauka.

Akwai kuma siraran wayoyi biyu da suka tafi fitilun allurai. A gindin ƙwayayen an rubuta 8V da 300mA, su biyu ne. Wannan naɗin na dabam ne, kuma shi ne irin abin da ba a samu a taransfomar da ake sayarwa ta gama-gari. Na ajiye matsalarsa gefe tukuna.

Girman taransfoma kuma da VA ake auna shi, wato bolt sau amfiya. A bayan akwatin an rubuta tana cin wat 190. Wasu kan haɗa 40 da 40 su ce 80 ya isa, ba haka ba ne. Irin wannan amfilifayar ko a cikakken ƙarfi kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ta ja zafi yake zama, kuma kwandansa ba ta shan wuta a hankali, fizga take yi a ƙololuwar kowane juyi, abin da ke gasa waya fiye da yadda lissafin DC zai nuna. Mai VA 160 za ta iya da kiɗan gida. Na ɗauki mai 225 saboda na auna wurin na ga za ta shiga.

Hanya uku ce a gabana. Ta farko in nemo irinta sak daga wata matacciyar amfilifaya. Wannan ita ta fi sauƙin ɗaurawa, ramuka da wayoyi duk za su dace, sai dai shekarunta ɗaya da wadda ta ƙone, kuma dole a kula da ƙasar da aka yi wa ita. Wadda aka yi wa kasuwar Japan ta bolt 100 ce, ta Amurka 120 a kan 60Hz, wato juyi 60 a daƙiƙa. Taransfomar da aka naɗa don 60Hz kawai, in aka sa ta a 50Hz, ƙarfenta kan kusa ƙoshi, ta riƙa gurnani tana zafi ko ba ta aikin komai. Ko a ƙasashen 50Hz ɗin ma, na'urorin wancan zamanin an yi su ne lokacin da Turai ke kan 220, Ingila kan 240, kafin a daidaita a 230, don haka mai 220 yau a ɗan matse take aiki.

Ta biyu a sake naɗa ta. Na nuna wa wani dattijo da ya daɗe yana naɗin koyil. Ya juya ta a hannu, ya sa farce a gefen ƙarfen ya nuna mini layin walda biyu da suka ratsa faranten daga sama har ƙasa.

"Ka ga wannan, ɗana? Ba a yi ta don a buɗe ba. Sai na yanke waldar, kuma in na mayar ba za ta yi shiru kamar dā ba."

"Baba, in an matse ta sosai fa?"

"Za ta yi aiki. A injin walda ko caja ba wanda zai damu. Amma kai kiɗa za ka ji da ita cikin dare."

Gaskiyarsa. Faranten nan sirara ne na ƙarfe mai silikon, kowanne da rufinsa don kada wuta ta riƙa kewaya cikin ƙarfen tana ɗumama shi. Waɗanda aka saƙa su ɗaya bayan ɗaya ana iya zare su a ƙirga zagaye a sake naɗi, kuma aikin gwani kan fito da kyau. Masu walda da waɗanda aka dasa cikin gwangwani da kwalta wahalarsu ta fi amfaninsu.

Sai ta uku, sabuwa. Na ɗauki irin mai zobe, wadda aka naɗe ƙarfenta kamar gammo, wayar ta zagaye shi duka. Ta fi mai kusurwa huɗu gajarta da rashin nauyi a VA ɗaya, kuma maganaɗisun da ke tserewa daga jikinta kaɗan ne, abin da ke da daraja a akwatin da ke da sashen faifai. Naɗin shiga biyu ne masu bolt 115, na fita biyu masu 25.

Kafin ta shiga sai da na gyara abin da ya kashe ta farkon. Dayod huɗun duka na canja, ba ɗayan kawai ba, domin sauran ukun sun sha irin wahalar da ya sha. Na sa masu ɗaukar amfiya fiye da na asali. Kwandansoji biyun na sa masu 6,800 ɗin dai, amma masu bolt 63. Na zamani sun fi na dā ƙanƙanta sosai, har sai da na naɗa musu roba kafin maɗaurinsu ya kama. Ban ninka girmansu ba kamar yadda wasu ke yi, don ƙaton kwandansa ƙarin fizga ne a kan dayod da taransfoma duk lokacin da aka kunna. Akwai wata 'yar kwandansa a kan makunnin wuta da jikinta ya tsattsage, na maye ta da mai alamar X2, irin da aka yi don zama a kan wutar gida. Na kankare busasshen ruwan da ke kan fanel, na tarar ya fara cin layin tagulla ɗaya, na ɗinke shi da waya da dalma.

Tsohuwar taransfomar ƙusa huɗu ke riƙe da ita, sabuwar ɗaya ce tak a tsakiya. Na huda rami a shasi bayan na lulluɓe fanel da ƙyalle, saboda ɓarɓashin ƙarfe ɗaya in ya maƙale tsakanin ƙafafu biyu ya isa ya ɓata komai. Jerin shi ne faifan roba a ƙasa, taransfoma, faifan roba, farantin ƙarfe, sannan noti. Ba a ɗaure shi da ƙarfin tsiya, kada farantin ya danne wayar.

A nan akwai tarkon da mai zobe kaɗai ke da shi. Ƙusar ta ratsa ta cikin ramin zoben, gindinta yana haɗe da shasi. In kanta ya taɓa murfin akwatin, to ƙusa da murfi da bango da shasi sun zama zagaye ɗaya cikakke da ya kewaye ƙarfen, kuma a haɗe yake. Bolt ɗinsa bai kai ɗaya ba, amma amfiyar da za ta bi ta cikinsa tana da yawan da za ta gasa ƙusar ta ƙona taransfomar. Mugun abin shi ne a buɗe komai lafiya lau, sai an rufe murfi matsalar ke tashi. Na gitta rula a kan bangon akwatin biyu na auna, ratar ba ta kai yadda nake so ba, murfin kuma yana lotsawa in an ɗora masa wani abu. Na yanke ƙusar daidai kan noti, na manna roba mai kauri a cikin murfin ta wurin. Saboda wannan dalilin dai ba a ɗaura wayar ƙasa a kan wannan ƙusar.

Sai haɗa wayoyi, kuma a nan takardar da ke jikin taransfomar ce abin bi, don launin waya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Naɗin shiga biyun ana jera su ne, ƙarshen na farko da farkon na biyu, su ba da 230. In aka juya ɗaya, maganaɗisunsu zai kashe juna, wutar gida ta ga kusan waya zalla a gabanta. Shi ya sa kunnawar farko ta cikin ƙwan fitila na yi ta, ba komai a naɗin fita. Ƙwan ya ɗan ƙyafta ya mutu. Naɗin fita biyun ma haka ake jera su, mahaɗarsu ita ce wayar tsakiya. Na auna kowanne ya ba da 26 da rabi, bakin waje da bakin waje kuma 53. Da a juye suke, da kusan sifili zan gani.

A bayan akwatin akwai abin zaɓen wuta mai 110, 120, 220 da 240, wanda ke aiki da rassan tsohon naɗin. Yanzu ba shi da abin zaɓa. Na cire masa wayoyi gaba ɗaya, na bar shi don toshe ramin, na rubuta 230V kaɗai a gefensa. Duk mahaɗar da ke ɗauke da wutar gida na sa mata robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Na gwada tsakanin ƙafafun filogi da shasi, ba wata hanya.

Fitilun allurai kuwa mai zoben da kanta ta warware mini su. Tunda ramin a buɗe yake, kowace waya da ka zura ta ciki ka zagayo ta zama naɗi. Na ɗauki waya mai rufin roba na yi zagaye 10 na gwaji, mita ta ce bolt 2.9. Kowane zagaye 0.29 ke nan. Na yi 26, na baza su a jikin zoben ban tara su wuri ɗaya ba, na naɗe da tef, suka ba ni bolt 7 da rabi. Da gangan na tsaya ƙasa da 8: hasken ya ɗan yi laushi, ƙwayayen kuma za su daɗe, ga shi irinsu sun fara wuyar samu. Na sa wa layin ɗan fis nasa. Wannan aikin kafin a ɗaure farantin sama ake yin sa, ni ma sai da na kwance notin na sake ɗaurawa a kan sabon naɗin, na sake auna ratar murfi.

Fis ɗin wutar gida lissafinsa 225 a raba da 230, kusan amfiya ɗaya. Amma mai zobe tana da fizga mai tsanani a daƙiƙar da aka kunna ta, ga kwandansoji wayam suna jiran caji, don haka fis mai saurin ƙonewa ba zai rayu ba. Na sa mai jinkiri, mai harafin T, na amfiya 1.6. Manyan da suka fi wannan nesa kan buƙaci da'irar da ke shigo da wuta a hankali, wannan ba ta kai nan ba.

Da na haɗa komai na kunna, har yanzu ta cikin ƙwai kuma ba lasifika, ƙwan ya haska na ɗan lokaci yayin da kwandansoji ke cika, ya dushe ya koma ja-ja. Bayan 'yan daƙiƙu rile ya ce ƙas. Na kashe, na cire ƙwan, na ba ta wuta kai tsaye. Layin sama 36.4, na ƙasa 36.3. A bakin lasifika DC ɗin da ke fita milibolt 12 ne a hagu, 30 a dama, duk ƙasa da 50 da ake ɗauka a matsayin lafiya. Wutar zaman banza ta taransistoci kuma, wadda ake aunawa a kan ƙananan rizistocin nan masu om 0.47, na bar na'urar ta yi ɗumi sannan na daidaita kowane gefe a milibolt 10, kusan miliamfiya 20. Ba a yin wannan saitin da ƙwai a layi, don yana rage wutar, in an cire shi lambar sai ta haura.

Na ɗaura tsofaffin lasifikun gwaji. A mashigar kaset da ta rediyo tsit. Da na juya zuwa faifai na buɗe murya, sai ga ƙugi mai kauri, ya fi yawa a hagu. Ba abin mamaki ba ne. Allurar faifai milibolt biyu zuwa biyar take bayarwa, sashen kuma yana ɗaga ƙananan sautuka bisa tsarin RIAA da ake yin faifai a kansa, a 50Hz kusan ninki bakwai kan abin da yake yi wa 1,000Hz. Duk ɗan maganaɗisun da ya ratso nan sai ya zama babba. Kunne na iya rarrabe iri biyu: ƙugi mai laushi mai zurfi na 50Hz daga maganaɗisu yake, mai kaushi kamar zuza na 100Hz kuma daga cajin kwandansa ko kuskuren wayar ƙasa. Nawa na farkon ne.

Mai zobe ta fi zubar da maganaɗisu ta inda wayoyinta suka fito, kuma nan ɗin yana kallon fanel ɗin faifai. Na riƙa kashewa, in sassauta noti, in juya ta kaɗan, in kunna in saurara. Da bakin wayoyin ya koma kallon bayan akwatin, ƙugin ya faɗi ƙwarai. Sauran kuma ya tafi da na murɗe wayoyin fita uku tare kamar igiya na kwantar da su a jikin shasi, nesa da wayoyin sauti, na kuma murɗe na fitilu, waɗanda ke bi ta bayan fuska kusa da maɓallin murya. Wayar tsakiya tun farko a mahaɗar kwandansojin biyu na sa ta, inda ta asali take. Wanda ya ɗaure ta a ƙusar shasi mafi kusa don sauƙi, fizgar caji za ta bi ta cikin ƙarfen da sauti ke amfani da shi, kuma wannan zuzar ba juyin taransfomar da zai kashe ta.

Gwajin ƙarshe na zafi ne. Na sa manyan rizistoci masu om 8 a madadin lasifika, na ba ta sautin 1,000Hz, na ɗaga har bolt 10.3 a kowane gefe, wato kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Irin wannan amfilifayar a wajen nan ta fi gasa taransistocinta, ba a cikakkiyar murya ba, kuma dokar da hukumar kasuwanci ta Amurka ta kafa a 1974 kan tallan wat a lokacin ta ce a riƙe na'ura a haka na awa ɗaya kafin a auna ta. Na yi awar da murfi a rufe. Ƙarfen sanyaya ya yi zafin da hannu ke iya daurewa na ɗan lokaci, taransfomar kuwa ɗumi kawai. Da na tura ta har zanen sautin ya fara yankewa a sama, gefe biyu tare, ta ba da bolt 18 da rabi, kusan wat 43.

A kunne ban ji ta canja hali ba, illa ƙugin da ya tafi, kuma wannan aikin sababbin kwandansoji ne fiye da na taransfoma. Akwatin ya rage nauyi ta gefen hagu har ana ji in an ɗaga. A cikin murfin na manna takarda mai ɗauke da bolt da VA na sabuwar, zagaye 26 na fitilu, girman fis da harafinsa, lambobin layi biyun, da gargaɗin kada a sa doguwar ƙusa.

Tsohuwar kuma na yanke ta da zarto don in ga cikinta. Naɗin fita da ke waje ya dafe ya yi launin ƙasa ko'ina, banish ɗinsa yana ɓarewa da farce. Can ciki kusa da ƙarfe, inda zafi ba ya samun hanyar fita, takardar da ke tsakanin layuka ta zama gawayi, kuma wasu zagaye na naɗin shiga sun narke sun manne wuri ɗaya. Fis ɗin zafi babu shi a cikinta ko kaɗan, fis ɗin gilashin nan na waje kaɗai aka dogara da shi tun daga masana'anta.